Noti Na Goma

Asabar da hantsi Ɗan'azumi ya turo ta,
shi da samari huɗu, gumi har ƙafa,
a-kori-kura da buhun riɗi sha takwas a baya.
Gobe Lahadi, kasuwar Gujungu ba ta jiran kowa.

Na ɗaga murfin inji a gindin darbejiya.
Gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga gidan mai.
Noti tara suka biyo hannuna
kamar gyaɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Na goma ya ce ba da shi ba.

Na sa sifana, ta zame.
Na zura mata bututu, na hau da ƙafa,
sai ji na yi suɓul,
kusurwa shida sun tafi a tashi ɗaya,
kai ya koma ƙwallon goruba
da yaro ya gama gwaigwaya ya yar.
Gaɓar yatsana ta daki ƙarfe,
jini da baƙin mai suka gaisa.

Na ce, Allah ya isa
tsakanina da hannun da ya ɗaure wannan.
Ɗan'azumi ya dube ni, ya ɓare goro.

Na ɗiga masa man burki, na tafi azahar.
Na dawo, yana nan inda na bar shi.
Filaya ta cije shi, ita ta rasa haƙori.
Cizal da guduma, ta hagu, ƙwas, ƙwas,
ɓarɓashi kawai yake ba ni
kamar mai bashi yana ba da haƙuri.
Tsatsa ba ta faɗa da kowa.
Zama take yi, damina bisa damina,
har ƙarfe biyu su manta su biyu ne.

Bayan la'asar Tsalha mai walda ya iso,
janareta a kan amalanke, shanu suna huci.
Ya ɗora wani noti bisa suɗaɗɗen kan,
ya cika cikinsa da wuta,
yara suka rufe ido da yatsu a buɗe.
Na miƙa hannu, ya buge shi:
"Bar shi ya huce, Barau.
Wa ka taɓa gani ya ji magana yana ja wur?"

Muka sha ruwa. Muka yi zancen takin zamani.

Sannan na kama shi ba da ƙarfi ba,
gaba kaɗan, baya kaɗan,
gaba kaɗan,
sai ya yi ƙara siririya
irin ta ƙyauren ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba.
Ya juya. Ya sake juyawa.
Ya fito yana zubar da jan gari.

A gindinsa, naɗe cikin zare,
siririyar wayar tagulla, zagaye bakwai,
an murɗe bakinta ta hagu.
Bahago ɗaya na sani mai wannan dabara.

Ɗan'azumi ya tofar da tuƙar goro:
"Shekarar da ruwa ya ci gadar garinmu,
motar tana hannun babana,
kana yaron Haladu, gemu bai tsiro ba.
Ka buga ƙirji ka ce
sai tashin ƙiyama zai kwance."

Tsalha ya yi dariya har sai da ya zauna.
Allah ya isan da na aika da safe
ta zaga gari, ta dawo ta same ni a tsugune.
Na ce na yafe wa yaron.
Sauri yake, kuma ana kallonsa.

Magariba ta wuce, Ilu ya haska mini tocila.
Na gyara ramin, na shafa wa sabon noti giris,
na ɗaure har ya zauna,
hannuna ya nemi ƙari, na hana shi.
Wani zai zo bayana da tasa sifanar,
wataƙila wannan mai riƙe da tocilar.

Da asuba na ji ta ta wuce bayan katanga,
riɗi ya kama hanyar kasuwa.
Tsohon notin yana aljihuna,
duk na sunkuya sai ya taɓa ni.