Kwalbatin da Na Binne

Ni na binne shi.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan, a gaɓar Oregon,
ina saurayi bisa katafila, da sigari a leɓe,
aka ce hanya za ta ratsa Rafin Tarbell
don motocin katako su huta da zagaye.
Muka kwantar da kwalbatin ƙarfe, muka bi shi da ƙasa.
Ranar Juma'a aka biya ni, na sayi takalma.

Ba wanda ya ce mini bakinsa ya yi tudu.
Ruwa ya riƙa faɗowa daga cikinsa kamu uku.
Kaka ta yi, kifayen salmon suka dawo daga teku
da jan jiki da lanƙwasasshen baki,
su yi tsalle, su bugi ƙarfe, su koma.
Na gani da idona.
Na ɗaga gilashin mota, na wuce.

Lenore Haugland ce ta fara ƙirga su,
tsohuwar malamar makaranta mai gwiwar ƙarfe,
kowace Nuwamba tana tsaye cikin yayyafi
da littafin da laima ta kumbura.
Wata shekara ta rubuta: bakwai.
Ta kawo lambar ɗakin taron 'yan kwana-kwana,
ta shimfiɗe ta a tebur kamar gawa.

Aka yi ta cacar baki har kofi ya huce.
Ignacio ya ce shanunsa fa,
ina za su sha in an killace gaɓa?
Thea, wadda kakanninta suka kyafe kifi a bakin rafin nan
tun kafin a laƙaba masa sunan Tarbell,
ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, kakata kan ce a da, in sun hauro,
ba ka jin maganar na kusa da kai don facal-facal ɗinsu.
Kowa ya dubi ƙasa.
Ni hannuwana na duba.

Shekara biyu muna bin takardu ofis-ofis.
An sayar da burodi a ƙofar coci,
an yi gwanjon wani tsohon kwalekwale.
Ignacio ya ja shingensa baya taku goma sha biyar,
yana mita, yana kafa turaku,
mu kuma muka kai masa komin ruwa har tsakiyar makiyaya.
'Yan aji biyar suka dasa itatuwa ɗari huɗu,
bareyi suka cinye rabi, yaran suka sake.
Muka tura kututture cikin rafi da gangan,
mu da muka shekara muna tsamo su da sunan tsafta.

Ranar tono suka ce in zauna in huta.
Na ce wanda ya yi ƙulli shi ya san bakin zaren.
Hannuna na rawa, amma katafila ba ta manta ni ba.
Kwalbatin ya fito yana aman laka da tsatsa,
da tayar keke,
da wani ƙashi da ban tambayi na mene ne ba.

Yanzu gada ce. Ƙarƙashinta tsakuwa.

Jiya da asuba Lenore ta kira ni, ko gaisuwa babu:
Wendell, sa takalmanka.
Daga kan gadar ta nuna mini da fensir.
Mace guda, wutsiyarta ta koɗe don tonon tsakuwa,
ta karkata tana share gurbin ƙwai
can sama da inda na taɓa tare hanya.
Nan da mako za ta mutu,
gaggafa ta ɗauki rabonta,
saura ya zama takin itatuwan yara.

Na ce, nawa?
Ta ce, goma sha ɗaya, kuma kada ka yi saurin murna,
teku na ƙara ɗumi,
wannan kuwa babu katafilar da za ta tone shi.
Na ce na sani.

Muka tsaya dai, ruwa na bin wuyan rigata.
Can wata inuwa ta gifta ƙarƙashin ƙafafunmu,
ta nufi sama, ba ta ko waiwaye mu ba.
Lenore ta lashi bakin fensir,
ta soke lambar.