Layi Na Uku

Zuwaira ta dawo daga Kasuwar Barci
da shafi shida da aka buga mata a shagon kwamfuta.
Hagu Turanci, dama yaren Latviya,
tsakaninsu fili fari fat
kamar tsakar gida bayan shara.

Ni aka ba takardun in riƙa tambaya,
ni da Turancina ya tsaya cak a ƙofar masaƙar Kakuri
ranar da aka garƙama mata kwaɗo.
An ɗauke wuta.
Ƙanenta Muntari yana haska mana da waya, yana gyangyaɗi.

Na ce water, ta ce ūdens.
Na ce salt, ta ce sāls.
Na ce river, ta ce upe,
baki a tsuke kamar mai hura shayi.
Na ce kogin nan namu fa,
wanda ya shigo mana ɗaki da daminar bara
ya tafi da buhun shinkafa da takalmina ƙafa ɗaya?
Ta ce shi ma upe ne, Baba.
Na yi shiru.
Sunan ya yi masa kaɗan.

Da na ga maize sai na gyara zama.
Wannan na sani, masara ce,
na noma ta shekara tara a hanyar Kujama.
Ta ƙyalƙyale da dariya: ka tsallaka layi,
ɓangarensu kake karantawa,
a can burodi ke nan.
Haruffa biyar, uwa ɗaya uba ɗaya,
ɗaya ya tafi gona,
ɗaya yana gashi tun asuba.

Na ce goat, ta ce kaza.
Uwarta ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu:
a ƙasar da za ki, kaza ƙaho gare ta?
In kin aika a sayo miki, sai ki tanadi igiya.
Muntari ya farka don dariya kawai,
hasken ya bi bango, ya dawo.

Na ce no, ta ce nē.
Wato da abin da muke tabbatar da zance
da shi suke musu.
Ki yi hattara, 'yata,
kada a ce miki a'a ki yi godiya.

Na ce snow, ta ce sniegs.
Mu da ba mu taɓa ganinta ba
dusar awaki muka ara,
muka ɗaura mata ƙanƙara, muka ce suna ne.
Ke za ki taka ta da ƙafarki.
In kin taka, ki faɗa mini ko mun yi ƙarya.

Bayan sun kwanta na ɗauko fensir.
A farin filin nan na tsakiya
na dinga shuka: ruwa, gishiri, kogi, akuya.
Gaban house da māja na sa gida,
na goge, na sake sa gida,
don ban sami wadda ta fi ta ba,
ko da yake nasu ginin suke nufi,
ni kuwa da mutanen ciki.

Na bi shafi shidan kaf ina neman sannu.
Babu.
Na nemi kewa, na nemi a gaida mutan gida.
Sai na rubuta su a ƙasa,
hagu da damansu wayam.

Ran Laraba za mu kai ta jirgin ƙasa.
Daga Rigasa za ta tashi, Riga za ta sauka,
haruffa biyu kacal aka cire,
amma an ce sai an sauya jirgi uku.
Gari ne mai sunan tufa.
Allah ya sa ya rufe ta daga sanyi.

Na iya guda ɗaya ban gaya mata ba.
Paldies, wai na gode.
Ina ta juya ta a baki kamar goro,
ina ajiye wa duk wanda ya fara
nuna mata hanya a can.