Yadda Suka Rubuta Shi

Sati uku ina neman Hankurau
a ɗakin ajiyar takardu na Maraɗi,
inda gara ta riga ni karatu.
Babu shi.

Sai magatakarda ya ce, "Cire ha ɗin,
kunnen Bature ba ya kama ta."
Ga shi kuwa: Ankourao,
soja mai lamba dubu huɗu da bakwai,
garinsu Tibiri, sana'a noma.
Sunan uba, an ja layi.
Tsawo, ya fi ni da yatsa biyu.
Alama, tsage a kumatu.
Aikin da wanzami ya ɓata hantsi yana yi,
sun gama da shi a kalma uku.

Na kai wa Gwaggo Tsahara a Bagalam.
Tana goye aka tafi da shi.
Ta shafa takardar kamar goshin mai zazzaɓi.
Na karanta mata ranar,
da sunan wani gari mai sanyi
da harshena ya kasa lanƙwasawa.

Ta daɗe shiru, sannan ta ce,
"Sun juya fuskarsa gabas?"

Na duba gaba, na duba baya.
Hatimi ne kawai, da sa hannun wani.