Hoton da Bai Fita Ba

Mun bar kwalta a bayan Wurno
hantsi bai gama ɗagawa ba.
Labbo ya ce, "Daga nan hanya ta ƙare,
sai sawun shanu da ikon Allah."
Motar tana tari tana haki,
tana haɗiyar rairayi tana amayarwa,
ni kuwa na rungume jakar kyamara
kamar mai goyon jinjiri a kasuwa.

Gauraki nake nema.
Shekara uku ina bin labarinsu.
Wani masunci ya ce ya gan su a fadamar Rima,
su biyu, da tukku kamar zaren zinariya,
suna taka ruwa a hankali
kamar ba sa so su tashe shi daga barci.

Taya ta nutse a gindin wata aduwa.
Labbo ya sauko da shebur
yana ambaton kakan wanda ya ƙera motar.
Na bar shi da faɗansa,
na kutsa ta cikin sabara da geza,
ƙarangiya tana yi wa wandona ado.

Sai ga su.
Wallahi sai ga su!
Na zube rub da ciki a kan yashi mai zafi,
gwiwar hannu a ƙasa, ido ɗaya a rufe,
duniya duka ta koma ɗan gilashi
wanda bai fi bakin kofin shayi ba.
Mai kallon nesa ba ya ganin kusa.

Ƙarar ce ta fara zuwa,
kamar ɗigon ruwa a kaskon suya,
kamar ana goga tsintsiya a busasshiyar tabarma.
Na ce iska ce.
Ba ganyen da ya motsa.

Na saukar da ido ba tare da na juya wuya ba.
Taƙi ɗaya daga hannuna
ƙasa ta naɗe kanta gammo,
tana goga jikinta da jikinta,
launin yashi, zanen tsakuwa,
da ido wanda bai taɓa koyon ƙiftawa ba.

Muryar Labbo ta zo daga baya, ƙasa ƙasa:
"Kak ka motsa, malam. Kububuwa ta."

Na tuna asibiti yana bayan tafiyar awa biyu
a motar da ke durƙushe cikin rairayi.
Na tuna bashin Inno mai fura,
da ɗiyata da na ce zan kai ɗinkin Salla.
Zufa ta gangaro ta tsaya a bakin hancina,
na roƙe ta kada ta faɗi.
Duk addu'ar da na haddace ta gudu,
sai Bisimilla ta rage, ita ma rabi.

Yatsana yana kan maɓalli.
Ban san sa'ad da ya danna ba.
Ƙyas!
Gauraki suka tashi da kukansu.
Ita kuwa ta warware a natse,
ta rubuta wani harafi a kan yashi
wanda ba malamin da ya koya mini,
ta shige ƙarƙashin gezarta.
Gidanta ne. Ni na shigo ba sallama.

Yanzu a shagona da ke Sakkwato
akwai amare, akwai 'yan makaranta, akwai alhazai,
kowa ya fito fes a bango.
A tsakiyarsu hoto ɗaya ne dishi-dishi:
yashi, rabin sama a karkace, da gefen yatsa.
Masu shigowa sukan tsaya su ce,
"Wanga fa, hoton mi na?"
Nakan ce na gauraki ne.

Labbo, in yana nan, sai ya kurɓi shayinsa,
ya dubi takalmana masu rufe idon sawu,
ya ƙi cewa komai.