Gwangwanin Sukarin Baba

Tururuwa ce ta riga likita sani.
Bayan ɗaki, inda Baba ke tsugunawa da asuba,
sai ga su jere kamar masu zuwa ɗaurin aure.
Inna ta gani, ta watsa toka, ba ta ce uffan ba.

Shekara talatin yana bisa keken ɗinki a Garkawa,
butar shayi na huci gefen ƙafarsa,
na fari, na biyu, na uku,
kowanne da nasa tudun sukari.
Yakan ce ɗaci na wanda ake bi bashi ne.

Sai ƙishirwa wadda randa ba ta kashewa.
Sai zare ya zama biyu a bakin allura.
Sai ɗan wurin da takalmi ya ci
ya yi wata biyu bai rufe baki ba.

A asibiti an soki yatsa, ɗigo guda,
ƴar na'ura ta faɗi abin da ta faɗi.
Malama Tsahara ta sauke tabarau,
ni ta duba, ba shi ba:
"Wa ke girki a gidanku?"

Ni ce.
Ni mai alkakin da ke nutsewa a ruwan sukari,
ni mai kantu, mai dubulan na biki,
hannuna duk unguwa ta san zaƙinsa.
Ran nan na dubi hannun nan na rasa inda zan sa shi.

Lahadi na shiga kasuwar Tahoua da jikka biyu.
Agali mai dabino ya ɗanɗana mini na Ingal,
na sayi tiya rabi ta magarya,
aya, riɗi, da garin ƴaƴan kuka mai kama haƙori.

Na farko ya fito kamar hoge.
Baba ya gutsura, ya daɗe yana tauna,
ya ce, "Bibata, magani ne ko hukunci?"
Awaki ma sai da suka yi shawara.

Inna ce ta tuna akurin kakarmu a ƙauye:
a daka magarya sannu, kada ƙwallo ya fashe,
a tankaɗe, a yayyafa ruwa kaɗan,
a ɗaure a tsumma, tururi ya yi sauran aikin.
"Da can wa ya san kwali mai ƙwaya fari?
Kuma ba mu mutu da kwaɗayi ba."

Na yi yadda ta ce, na ƙara nawa:
aya jiƙaƙƙa, na markaɗa na tace madararta,
dabino uku kacal ga kwano guda,
riɗi soyayye a bisa,
ɗan tsamin kuka don harshe ya farka.

Bai yaba ba. Baba ba ya yabo.
Amma da la'asar na ga aljihun rigarsa ya yi maiƙo.

Na kai wa Malama Tsahara biyu a faranti,
ina jiran ta ce na gama da ciwo.
Ta ci ɗaya, ta lashe yatsa,
ta ce, "Da daɗi. Amma dabino ma ɗan gidan zaƙi ne.
Guda, bayan abinci, ba kullum ba.
Kuma ya taka da ƙafa zuwa masallacin nesa."

To, haka muke.
Wata rana na'ura ta yi mana fara'a, wata rana ta ɗaure fuska.
Ƙafa ta rufe, tabo ya rage.
Shayi yana nan, da na'ana'a, yana sha yana tsaki.

Gwangwanin sukarin bai bar shago ba.
Maɓallai ke ciki yanzu, da allurai.
Jiya na ga tururuwa guda ta hau shi,
ta zaga baki, ta leƙa,
ta sauka ta kama hanyar gidan maƙwabta.