Rubu'in Sa'a

Na ƙetare gada da sassafe zuwa Harobanda.
Gulbi ya ja da baya, masu wanki sun bi shi har tsakiya.
A jakata alli uku
da darasin da na shekara ashirin ina bayarwa:
dutaron.

Na ɗiga ɗigo biyu a allo.
Wannan furoton, wancan nutaron.
Shi ke nan gidan, ɗaki ɗaya ne, ba bene.
In ka girgiza shi ba ya hawa sama,
watsewa yake.

Furoton biyu ba su zama tare.
Nutaron biyu ma haka.
Sai bare ya sami bare
kafin igiya ta kama, ita ma da ƙyar.

Tankari, mai zama bakin taga, ya ɗaga hannu:
"Mushe, lissafin bai cika ba.
In an auna su ɗai-ɗai sun fi nauyi."
Na ce masa ba kuskure ya yi ba.
Ran da suka haɗu wani abu ya fita daga jikinsu,
ya zama haske, ya tafi.
Abin da suka rasa, shi ke riƙe da su.

Alli ya karye a hannuna.

Zalika,
ke Bazabarma, ni Ba'adare.
Kin koyi Hausata don ki yi mini tsiya da ita,
na koyi Zabarmancinki, har kika tafi kina gyara mini.
Shekara talatin da ɗaya a Yantala,
ban taɓa jin nauyin kaina ba
sai bana.

Ban kai ɗalibai shafi na gaba ba.
Can aka rubuta cewa nutaron, in ya fita shi kaɗai,
kamar rubu'in sa'a yake yi, sai ya rikiɗa.
Wanda ke cikin dutaron kuwa
tun duniya na ɗanya yake zaune lafiya.

Ni yau wata bakwai.
Ko dai ban da labari na riga na zama wani?

Da yamma na tsaya kan gada.
A cikin ruwan nan, ƙwaya ɗaya cikin dubu shida da ƴan kai
tana ɗauke da su, su biyu, riƙe da juna,
suna gangarawa Gaya ba wanda ya sani.
Rana na faɗuwa bayan tudu,
ita ma da irin wannan haɗi take fara hura wutarta.

Na biya wajen mai kopto.
Ta zuba na mutum biyu, kamar kullum.
Ban hana ta ba.