Zanzaro Ya Riga Ni

Damina ta naɗe tabarmarta a Miga,
gero ya shiga rumbu, kara ya rage a tsaye.
Jiya da asuba ruwan buta ya cije ni a gwiwar hannu,
na ce, to, ɗari ya aiko ɗan aike,
lokacin lambu ya yi.

Na zaga bayan gida da fartanya.
Kuɓewa ta tsufa ta zama ƙaho, na tuge ta.
Yakuwa na ƙara mata kwana uku saboda iri.
Fangali bakwai na ja, kamar bara,
na zuba kashin awaki da tokar murhu,
na rufe da ɓuntun shinkafa
daga injin Ɗan'azumi, buhu ɗaya, bashi.

Ta gabas sanyi ke shigowa, kuma ba ya sallama.
Na tare shi da dannin kara,
tanka uku, igiyar rama.
Akuyar Tsahara ta tsaya tana bin aikin da kallo
kamar duba-gari,
tana lissafin inda hannuna ya yi sako-sako.

Sai tiyo.
Wata biyar yana naɗe a ƙarƙashin rumbu,
gafiya ta ɗanɗana shi wuri huɗu,
bai yi mata daɗi ba, amma ta ɗanɗana.
Na yanka tsohon tif na keke, na ɗaɗɗaure,
na hura da baki har ƙasa ta shiga haƙorina.
Na goge fuskar sola da gefen riga,
na zura famfo cikin rijiya.
Ruwa na kusa bana, gaba biyu da rabi.

Kawunan feshi huɗu Nafi'u ya aiko daga Kano,
ya ce, Baba, ka huta da guga.
Na kafa su, na murɗa.
Uku suka kama juyi kamar mazari,
suna yi wa ƙasa yayyafin da ba hadari,
har ƙamshin farkon damina ya tashi a ba lokacinsa ba.
Na huɗu ya yi shiru.

Na kwance shi, na ɗaga wa rana.
Zanzaro ya yaɓe bakin da laka,
yaɓe sumul, ba maginin da zai raina.
Na karyo tsinke.
Barira, jikata, ta riƙe mini hannu:
Kaka, akwai 'ya'ya a ciki.
Na ce, albasata fa?
Ta ce, ai shi ya riga ka zuwa.

Na daɗe tsaye da tsinke a hannu.
Fangalin kusurwa ne, gindin lemo,
inda Hansai take shuka albasarta
tun ba mu san sola ba,
tun ruwa na hawowa da ƙarfin kafaɗa.
Gwangwanin madarar da ta huhhuda da ƙusa
yana nan a reshe inda ta rataye shi,
shekara uku ban taɓa ba.
Ya yi tsatsa.
Na cika shi, na ɗaga.
Huda goma sha ɗaya, duk suna zuba.

Na mai da kan feshin saman danni,
bakinsa na kallon yamma, kada sanyi ya sami 'ya'yan.

Yanzu sai hantsi nake ban-ruwa,
idan rana ta ɗan ɗumama rijiya,
don dashe jariri ne, ba ya son wankan asuba.
Uku suna juyi a kan latas da karas da tumatir,
ni da gwangwani muna kusurwa,
muna tafiya a hankali, yadda take yi,
daga bakin fangali zuwa gindin lemo.

Daren jiya Nafi'u ya bugo waya:
Baba, duka huɗun suna aiki?
Na ce, suna yi.
Ɗayan dai da ƙafa yake yawo,
kuma yana tari da safe.